Daga Matan Fada Zuwa Yawuri, Bin Sawun Giwan Ruwa

Duk wanda ya san Argungu ta talabijin, awa ɗaya kawai ya sani. Ana harba bindiga, dubban maza su ruga cikin ruwa da homa da gora, ƙura ta turnuƙe, makaɗa a cikin kwale-kwale suna zuga su, kafin ka farga an fara jawo giwan ruwa zuwa wurin awo. Ni kuwa sauran watannin shekara ne suka kai ni, watannin da ba wanda yake da ikon jefa koma a Matan Fada, inda ake yin gasar, domin a cikinsu ne ake tanadin kifin da ake ɗagawa a gaban manyan baƙi. Shi ya sa na tafi a cikin hunturu, ana sauran makonni a yi bikin kamun kifi, lokacin da garin yake nasu su kaɗai.

Daga Birnin Kebbi na hau mota. Tafiyar ba ta da nisa, amma tana cika ido. Duk inda hanya ta kusanci fadama sai ka ga kore shar, shinkafar rani ce iya ganinka, ga injinan ban ruwa suna ta ƙugi, wasu na fetur, wasu an kafa musu farantan sola. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a wannan yanki, kuma ba mai hankalin da zai yi baƙin ciki da hakan. Mutane sun samu abinci, sun samu kuɗi. Sai dai ruwan da shinkafa take sha, shi ne dai ruwan da kifi yake kwana a ciki, kuma maganin ciyawa da takin zamanin da aka zuba a gona ba sa tsayawa a gonar.

Argungu gari ne da ba ya ɓoye tarihinsa. Na fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakunan Kabi suka zauna a cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da tamburan yaƙi, shaidar shekarun da Kabawa suka yi suna gwabzawa da Sakkwato a ƙarni na 19. Akwai kuma kayan su, kuma a wurinsu na fi daɗewa. Bikin da duniya ta sani a yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su don nuna cewa gaba ta ƙare. Amma Kabawa ba a ranar suka fara tsara hulɗarsu da gulbi ba. Tun kafin nan suna da gyaran ruwa, suna da fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe su bayan an daɗe da rufe shi. Kafin wannan rana, akwai wuraren da ko yunwa za ta kashe ka ba ka isa ka taɓa ba. A ganina wannan ita ce babbar dukiyar da Argungu ta gada, ta fi gasar kanta daraja. Doka ce ta hutar da ruwa, wadda ta riga kowace ma'aikatar kula da kifi zuwa ƙasar nan.

Da yamma na gangara bakin Matan Fada. Wanda ya saba ganin hotunan biki zai yi mamakin ƙanƙantar wurin. Ruwa ne mai duhu, a kwance, ba shi da faɗin da ido zai kasa ƙetarewa, ga matakalan siminti da rumfar manyan baƙi babu kowa sai awaki. Can gefe na tarar da wani dattijo yana ɗinkin homa a gindin bishiya. Na yi sallama, ya amsa, ya matsa mini a kan tabarma.

Homa biyu ce, ɗaya a kowane hannu, raga ce da aka ɗaure a jikin lanƙwasasshen itace. Ya tashi ya nuna mini yadda masunci yake nutsewa, ya lalubi kifi, ya haɗe bakin biyun a kansa. Gorar kuwa ƙatuwa ce, an fafe mata baki a sama. A kanta mutum yake kwantawa ya yi iyo, a cikinta yake jefa abin da ya kama. Yatsunsa duk sun yi kanta, akwai tsohon tabo a tafin hannunsa, ya ce ƙayar kurungu ce ta shige shi tun yana saurayi. Abin da na fi lura da shi shi ne idon ragar: yatsuna uku suna shiga ba tare da matsi ba.

Na ce, "Baba, wannan ai ƙananan kifi ficewa za su yi."

Ya ce, "To ɗana, da ma ai don su fice aka yi ta haka. Wanda ya fice bana, shi za ka kama baɗi da girmansa."

Na tambaye shi ko ana samun masu shigowa da dare. Ya ce gari ba ya rasa ɓarawo, amma duk wanda aka kama a wannan yanki, gaban Sarkin Ruwa za a kai shi, kuma kunyar ta fi tarar ciwo, don har 'ya'yansa sai an goranta musu. Sarkin Ruwa shi ne mai kula da lafiyar gulbin, sai ya ba da izini ake shiga ranar biki. Akwai kuma Homa, shugaban masuntan Argungu. Da hukumar UNESCO ta saka bikin a jerin al'adun duniya da ba na gini ba a 2016, ta ambaci waɗannan sarautu biyu a cikin masu riƙe da al'adar. Na ji daɗin haka, don sau da yawa ana yabon taro a manta da masu gadinsa.

Dattijon ya jero mini sunayen kifaye kamar mai kiran jikokinsa: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, ragon ruwa, balli, yauni, tsage, minjirya, gaiwa. Kowanne da halinsa. Balli yakan share wuri a cikin ciyawa idan ruwa ya malale fadama, ya yi sheƙa, ya tsare 'ya'yansa. Yauni kuwa sheƙarsa a kan ruwa take yawo. Gaiwa tana shigewa cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta yi kwanan rani har ruwa ya dawo. A duk bayaninsa abu ɗaya ne yake ta maimaituwa: ambaliyar damina. Yawancin kifin gulbi ba a tsakiyar gulbi yake hayayyafa ba. Sai ruwa ya cika ya hau fadama, ya shiga ciyawa da burugu, sannan iyaye su bi shi su zuba ƙwai, 'ya'ya su samu abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa, sai su biyo shi su dawo, manya su tare a wurare masu zurfi irin Matan Fada. Shekarar da ambaliya ta yi kyau ta kuma daɗe, kifi ya yi yawa. Shekarar da ta yi gajarta, masunci ya san abin da ke jiransa tun kafin kaka.

To ambaliyar nan yanzu ba daga sama kaɗai take zuwa ba, sai da yardar masu riƙe da ƙofofin dam. Ruwan da ke wucewa ta Argungu haɗakar kogin Sakkwato ne da na Rima, kuma dukansu an datse su. An gama madatsar Bakalori kusa da Talata Mafara a 1978, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Masu binciken da suka bi garuruwan da ke ƙasa da Bakalori a shekarun 1980 sun rubuta cewa ambaliya ta ragu, filin da take rufewa ya tsuke, su ya ja baya, masunta da dama suka koma ci-rani. Wani lokacin kuma akasin haka ne: a watan Satumba na 2010 ruwan Goronyo ya ɓalle ya cinye gonaki da gidaje a jihohin Sakkwato da Kebbi. Ba ina cewa a rushe dam ba ne, birane suna sha daga gare su, gonaki suna rayuwa da su. Amma sakin ruwa a kan lokaci, gwargwadon yadda gulbi ya saba cika, abu ne da ake iya tsarawa, kuma ya kamata masunta su samu kujera a duk inda ake yanke wannan shawara, kamar yadda manoma suke da ita.

Bikin da kansa ya sha nuna alamar gajiyar gulbin. A 2006 ba a yi gasar su ba saboda ƙarancin ruwa. A 2008 an ƙwace kambi daga wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa kifin nasa ba a wurin aka kama shi ba, shigo da shi aka yi. Bayan bikin 2009 sai aka shiga dogon hutu, ga matsalar tsaro ga ta ruwa, ba a dawo ba sai a watan Maris na 2020. A wannan shekarar kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Mutanen gari suna faɗin wannan adadi da alfahari, kuma sun cancanta. Ni abin da na karanta a cikinsa shi ne, ruwan da aka ƙyale ya huta yakan biya.

Kashegari da sassafe wani jikan dattijon ya ɗauke ni a babur muka bi gaɓa, muka wuce iyakar wurin da aka keɓe. Ba mu yi nisa ba muka tarar da yara huɗu a cikin wani tafki da ruwa ya bari, sun riƙe gidan sauro ta kusurwoyi suna ja. Irin gidan sauron nan ne da ake rabawa don kare mata masu ciki da ƙananan yara daga zazzaɓin cizon sauro. Suka juye abin da suka kwaso a roba, na durƙusa na duba. 'Yan ƙarfasa ne da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, da 'yan tarwaɗa masu gashin baki siriri, da talibambam ɗaya ya kumbura, duk suna mutsu-mutsu a cikin laka. A tsakiyarsu akwai wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi da faffaɗan baki. Jikan ya ɗaga shi a tafin hannu ya ce wannan ɗan giwan ruwa ne. Kifin da zai iya kai tsawon mutum, wanda a wasu ruwayen Afirka yakan haura kilo 100, ga shi za a soya shi a sayar da tsibi.

Ban yi wa yaran faɗa ba, kuma ba zan yi musu a takarda ba. Babbansu ya ce mini, "Yaya, in ba mu kwashe ba, tafkin ƙafewa zai yi, balbela ta cinye." Gaskiya ya faɗa game da wannan tafki. Matsalar ita ce gidan sauron bai tsaya a tafkin da zai ƙafe ba, ya shiga bakin gulbi da mashigar fadama, inda 'ya'yan kifi suke bi su koma gida. Ga kuma masu zuba guba. Tsofaffin masunta har yanzu suna ambaton gamalin da ɓacin rai, maganin ƙwari ne da wasu suka riƙa tsiyayawa a ruwa, komai ya taso ya mutu, babba da ƙarami, har da abin da ba a ci. Kifin ya shiga kasuwa, gubar ta shiga tukunya.

Da na koma wurin dattijon, na ba shi labarin wani irin su na nishaɗi da ake yi a wasu ƙasashe, inda mutum zai biya kuɗi, ya kama kifi da fatsa, a auna, a ɗauki hoto, sannan ya mayar da shi ruwa da ransa. Ba ma sai an je Turai ba. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, baƙi suna zuwa daga nesa don su kama wannan giwan ruwa namu su sake shi, kuma kuɗin da suke biya yana taimakawa wajen gadin kogin. A Amurka tun 1950 akwai dokar da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, kuɗin yana komawa jihohi don gyaran koguna da renon kifi. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi dai bai taɓa jin inda mai iyali ya kama abinci ya sake shi ba, amma ya san mahaifinsa ba ya ɗaukar kifin da ya ga cikinsa cike da ƙwai a farkon damina.

Ina ganin a nan hanyoyin biyu suka haɗu. Ba na cikin masu cewa a mayar da Argungu wurin kamawa da saki. Kifin da aka yi kokawa da shi a cikin laka, aka zura masa igiya ta baki aka jawo shi gaɓa, ba zai rayu ba ko an mayar. Kuma awa ɗaya a shekara ba ita ce ke ƙarar da kifi ba. Amma ranar biki ba ranar neman abinci ba ce, ranar wasa ce da nuna bajinta, kamar kabanci da ake yi kafin ta, na tseren jirgi da nutso da kamun agwagwar ruwa da su da hannu. Wasa kuwa yana jawo kuɗi: gwamnati tana kashewa, kamfanoni suna ɗaukar nauyi, ana raba motoci da kujerun Makka. Me zai hana a yanka wani kaso sananne daga wannan kuɗi a ce na gulbi ne? A biya masu gadi albashi, a yashe inda yashi ya cike, a musanya wa masunta raga mai ƙananan ido da mai manya, a ƙara keɓe wasu wurare a sama da ƙasa da Argungu a hannun sarakunan ruwansu. Akwai kuma abin da masana kifi suka tabbatar: a jinsin giwan ruwa, mafi girma yawanci mata ne, kuma mace ɗaya babba tana zuba ƙwai miliyoyi. Kifin da ke cin mota, sau da yawa uwa ce. Idan ana so a ci gaba da samun irinta, dole a bar ƙannenta su kai inda ta kai.

Wani abin lura, wannan kifin da muke fargabar raguwarsa, shi ne ya zama annoba a Tafkin Biktoriya bayan an kai shi can a shekarun 1950, ya cinye ɗaruruwan jinsunan ƙananan kifayen da babu su a ko'ina sai can. A nan gidansa ne, sauran kifaye sun san shi, shi ma ya san su. Duk mai tunanin gyara gulbi ta hanyar zuba baƙon iri, ya fara karanta wancan labari.

Daga Argungu na koma Birnin Kebbi, na bi ta Jega da Koko na sauka Yawuri, inda Kwara take buɗewa ta zama tafkin Kainji. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwanta ya tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓa, cikinsu har da Gungawa. A shekarun farko tafkin ya yi albarkar kifi, Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa. Kasuwar kifin Yawuri har gobe tana da suna. Tun daga nesa hayaƙin banda yake tarbarka. Mata suna zaune a gaban tanda suna juya tarwaɗar da aka naɗe aka soke da tsinke, maza suna shirya kwalaye ana ɗorawa a manyan motocin da za su yi kudu. Ga warangi tsibi-tsibi, 'yan mitsi-mitsin kifin da ake shanyawa a rana.

Warangi ko ya tsufa ba ya girma, don haka kama shi ba laifi ba ne. Laifin yana ga dala, doguwar ragar da ake ja daga gaɓa, mai ido kamar na rariya, wadda ke haɗo warangi da 'ya'yan duk wani kifi mai daraja. A shekarun 1990 wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya yi aiki da jihohin Neja da Kebbi da sarakunan yankin, aka shigo da lasisin su, aka haramta dala. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan kusa, a Sabuwar Busa, ilimin bai yi nisa ba. Amma masuntan da na zanta da su sun ce tun da shirin ya ƙare sa ido ya yi sanyi, dala ta dawo a wurare da yawa.

Na tsaya gaban wata mai sayar da ɗanyen kifi na ce, "Hajiya, giwan ruwa nake nema, babba."

Ta ce, "Alhaji, babba ai ba ya isowa tebur. Tun yana cikin jirgi ake sayar da shi ta waya." Ta nuna mini waɗanda ke gabanta, ba wanda ya wuce tsawon kamu ɗaya, ba wanda ya isa yin ƙwai. A teburin da ke kusa da nata kuwa kifin ƙanƙara ne da aka shigo da shi daga teku, a gari mai tafki a bakin ƙofa.

A bakin ruwa na samu wani matashi yana wanke jirgi, ya yarda cewa da dala yake aiki, bai ɓoye ba. Ya san an hana, ya san dalilin hanin, har ya fi ni iya bayaninsa. Ya ce ragar ba tasa ba ce, wani dillali ne ya saya masa bashi, da sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da dillalin ya yanka. Su shida ne suke ja, kowanne da bakin da yake ciyarwa. Na tambaye shi ko zai karɓi raga mai manyan ido idan aka ba shi kyauta. Ya ce zai karɓa da gudu, in dai duk masu jan dala a wannan gaɓa za su ajiye tasu rana ɗaya, kuma in akwai wanda zai tsaya masa a gaban dillalin har kifi ya girma, don bashin da ke kansa bai ko kai rabi ba.